Shekarar da Eufemiya Ta Ƙi Ƙyasta Ashana

A ƙauyenmu na kan tudu, can yammacin Honduras,
Afrilu watan hayaƙi ne.
Kowa ya sare, ya tara, ya cinna wuta,
tsaunuka su kwana jajur kamar bakin murhu,
da safe mu taka toka mai ɗumi
mu ce gona ta yi wanka.
Haka ubana ya yi, haka nasa uban.
Ni ma, Anastasiyo, shekara arba'in ina yi.

Sai Eufemiya Karkamo, matar marigayi Rufino,
ta mayar da ashana aljihu.
Ba ta tumɓuke itace ko ɗaya ba, rassa kawai ta rage,
ta baza ganye da karan masara a ƙasa
kamar mai yi wa jinjiri shimfiɗa.
Ta huda rami da tsinin sanda,
masara uku, wake biyu, ta rufe da diddige.

Ni na fi kowa dariya.
Na tsaya a kan iyaka na ce,
"Maƙwabciya, gona ce wannan ko juji?
Ɓeraye za su naɗa ki sarauniya."
Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce,
"Ƙasa ma tana jin kunya in an tuɓe ta."

Shekarar farko ta sha wuya, ba zan ɓoye ba.
Dodon-koɗi ya cinye mata rabin wake,
ɗanta Wilmer ya yi fushi
ya tafi birni dakon bulo.
Ta biyu ba yabo ba fallasa.

A ta uku ruwan Oktoba ya sauko,
kwana shida bai ɗauke ba.
Daren na biyar na ji tudu ya yi nishi.
Gari na wayewa, ga gonata a cikin rafi,
ta kama hanyar teku ba sallama,
ta bar mini duwatsu kamar haƙoran tsoho.
Tata tana nan daram.
Na tsallaka iyaka a ɓoye,
na cusa hannu ƙarƙashin ganyen:
baƙar ƙasa mai sanyi, tana na kai da komo a ciki.
Na daɗe a tsugune.

Mutanen garin da ke gindin tudu
sun gaji da famfo mai zubo da laka.
Suka zauna, suka ƙara 'yan kuɗi a kan takardar ruwa,
suka ce na wanda bai ƙona ba ne.
Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci,
aka kira ta tsakiyar dandali.
Mai lasifika har ya ɓata sunanta.
Aka ba ta rumbun kwano, da baro ja,
da ambulan da za ta riƙa karɓa duk kaka
muddin hayaƙi bai tashi a gonarta ba.

Ta buɗe a gaban kowa, ta ƙirga sau biyu.
Aka miƙa mata lasifika ta yi godiya.
Ta ce, "Ba sadaka ba ce.
Ruwan da kuke sha, ta ƙarƙashin masarata yake bi."
Aka yi tsit, sannan aka tafa.

Bana gida goma sha ɗaya ne ba su ƙona ba.
Ni ne na goma sha ɗaya.
Gonata har yanzu ƙashi ce da fata;
an ce sai shekara biyar za ta yi nama,
ni kuwa sittin da uku gare ni.
In Afrilu ya kama, yatsuna kan yi ƙaiƙayi,
sai in kunna tabata, in hure tsinken da sauri.

Jiya na je aron baro, zan kwashi ganye.
Na shirya jin gori tun daga ƙofa.
Tana ɓarar wake, ta nuna shi da haɓa,
ta ce, "Tayar tana sacewa.
Ka dawo da shi kafin duhu."